Tsinkar Bado a Fadamun Mafara, Bakura da Maradun

Matan tsibirin Zanzibar sun shahara da tattara ciyawar teku idan ruwa ya janye. Mu nan Zamfara ba mu da teku, amma muna da Gulbin Sakkwato da tafkunan da yake bari a fadama, irin su Natu na Bakura, kuma abin da ake shiga ruwa a ɗebo shi ne bado.

Da kaka ake wannan aiki, lokacin da ruwa ya fara ja baya. Farin furen bado da dare yake buɗewa, ya rufe da hantsi, ɗansa kuwa a ƙarƙashin ruwa yake nuna, don haka sai an laluba. Mata da yara kan shiga iya ƙugu, ƙwarya na yawo a gabansu, suna bin tsirkiyar fure da hannu har su kai ga ɗan. Wuri mai zurfi na masunta ne, masu kwanciya kan gora. Saiwar kuma da yatsun ƙafa ake tono ta daga taɓo, a dafa ko a gasa. A gida sai a fasa 'ya'yan, a shanya ƙananan ƙwayoyin, a daka a yi kunu ko tuwo. Aikin ba wasa ba ne: ga matsattsaku, ga tsargiya.

Wasu na raina bado, wai abincin yunwa ne. Wannan raini bai dace ba. A shekarun fari irin na 1973, ganye da saiwoyin daji da na ruwa ne suka riƙe gidaje da dama har Allah ya kawo damina.

Dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978 ya sauya lissafi. Sama da shi ruwa ya shanye gonaki da ƙauyukan ƙasar Maradun, rikicin diyya kuma ya kai ga kashe manoma a 1980. Ƙasa da shi ambaliyar da ke cika tafkuna kowace shekara ta ragu, wuraren bado da yawa suka zama gonaki. Yanzu kuma ga 'yan bindiga, waɗanda suka sa mace ba ta iya nisa da gari ita kaɗai, balle ta ɗauki jikanyarta ta nuna mata inda ake laluba.