A Auna Ƙota da Jikin Mai Noma

Masu wasan golf, wasan nan na manya da ake yi a Kano da Kaduna da Abuja, ba sa sayen sanda da ka. Dokar wasan ta yarda mutum ya riƙe sanda har 14, amma wanda ya san abin ba ya zare kuɗi sai an auna tsawonsa, an auna daga wuyan hannunsa zuwa ƙasa, an duba kaurin mariƙin. A nan Katsina ma, inda ƙwallon dawaki ta yi suna tun zamanin Sarki Dikko da ɗansa Usman Nagogo, tsayin doki ake dubawa kafin a zaɓa wa mahayi sanda.

Su fa wasa suke yi. Manomin Rawayau da zai wuni duƙe tun daga shuka har maimai, shi ne zai shiga kasuwar Dutsin-Ma ko Kurfi ya ɗaga hauya, ya ƙwanƙwasa ruwanta, ya yi ciniki, ya rataya a kafaɗa. Ƙarfen aka duba, ƙotar kuwa ko oho.

Alhali ƙota ce ke haɗuwa da jiki. In ta gajarce wa dogon mutum, dole ya ƙara duƙawa, nauyin duk ya taru a ƙugu. In ta yi kauri, yatsu ba sa zagaye ta, sai an damƙe da ƙarfi, kafin azahar wuyan hannu ya ɗauki zafi. Siririya kuma juyawa take yi a tafi, ta tayar da bororo. Akwai kuma bakin da ke tsakanin ruwa da ƙota, wanda ba kowa ke kula da shi ba: in ya buɗe da yawa sai hauya ta riƙa nutsewa tana cizon ƙasa, in ya tsuke sai ta riƙa zamewa a sama, mutum ya yi sara biyu inda ɗaya ya isa. A lissafa wannan a kan kowace kunya ta gona guda.

Abin ya fi muni ga yara. Sai ka ga ɗan shekara goma sha biyu an miƙa masa garmar babansa ya yi huɗa, in ya gaza a ce rago ne. Ba ragwanci ba ne, kayan ne ba nasa ba.

Kada a ɗauka ƙaramar magana ce. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a 1975 hukuma ta hana sa 'yan ƙwadago aiki da fartanya mai gajeriyar ƙota, bayan likitoci sun ba da shaidar yadda take lalata gadon baya. Ba cewa nake mu jefar da tamu ba, domin noman kunya da ita ya saba, kuma hauyar tsaye da ake noma da ita a jigawar Damagaram ba kowace ƙasa take ci ba. Amma mu daina gyara ciwon da ƙwaya. Yawan shan maganin kashe zafi yana taɓa ciki da ƙoda, taramol kuwa kowa ya ga abin da ya mai da samari 'yan ƙwadago.

Gyaran ba tsada. Maƙeri da masassaƙi suna nan kusa, kuma aikin hannu ne, yadda ka ce haka za a yi maka. Ka je da kanka, kada ka aika. Ka kama ƙotar ka ga ko babban yatsa ya taɓa sauran, ka duƙa ka gwada sara a gaban maƙerin. In ta yi kauri a sassaƙe, in bakin bai zauna ba a mayar wuta. Bahago ya faɗa tun kafin a ƙera masa lauje. Amma ciwon bayan da ya sauka ƙafa, ko ya zo da dindiris, na asibiti ne.

Iyaye, kafin ruwan shuka ya sauka, a kai kowane yaro maƙera a yi masa hauya daidai hannunsa.