Koyar da Matasa Ƙirƙirarriyar Basira: A Fara da Inda Take Tuntuɓe

A ranar 30 ga Nuwamba, 2022, kamfanin OpenAI ya saki manhajar ChatGPT ga kowa da kowa. Kafin wata biyu, a Janairun 2023, hukumar makarantun gwamnati ta birnin New York a Amurka ta toshe ta daga kwamfutocinta, don tsoron kada ɗalibai su mayar da ita mai yi musu aikin gida. A watan Mayu hukumar ta janye haramcin. Ba wani abin mamaki ba ne, domin an toshe ta a aji amma tana nan cikin wayar da ke aljihun yaro. Tunda hanawa ta faskara, sai a koma kan abin da za a koyar. Yawancin darussan da ake yi suna tsayawa ne a kan yadda za a yi wa manhajar tambaya ta ba da amsa mai kyau, alhali wannan abu ne da ɗan shekara goma sha biyar zai koya wa kansa da yamma ɗaya. Abin da ba zai koya shi kaɗai ba shi ne daga ina amsar take fitowa, da dalilin da ya sa take kuskure, kuma a nan ne ya kamata malami ya ba da ƙarfinsa.

Tushen abin bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. A da, mai tsara manhaja shi yake rubuta wa kwamfuta ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Ƙirƙirarriyar basira ta yau kuwa misalai ake ɗura mata, miliyoyin hotuna ko biliyoyin kalmomi, ta riƙa cinka, ana nuna mata inda ta kauce, tana gyara lissafinta har cinkar ta riƙa dacewa. Manhajojin hira aikinsu guda ne: hasashen guntun kalmar da ya fi dacewa ya biyo baya. Malami na iya nuna wannan da alli kawai. Ya rubuta "Sannu da" a allo, ya ce kowane ɗalibi ya cike a takarda, sannan a ƙirga. "Aiki" zai fito da yawa, "zuwa" ya bi masa, "hutawa" ya samu 'yan ƙuri'u, da wuya a samu wanda ya rubuta "tukunya". Daga nan sai ya rubuta "An gina wannan makaranta a shekarar", ya hana kowa cewa bai sani ba. Kowa zai kawo shekara mai kama da gaskiya, mai lamba huɗu, wadda ta zauna daram a jimlar, kuma yawancinsu ba daidai ba ne. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa ya gane abin da manya da yawa ba su gane ba: jimla tana iya yin kyau ƙwarai ba tare da an taɓa duba gaskiyarta ba.

Rashin gane wannan ne ya kai wasu lauyoyi biyu ga jin kunya a wata kotun tarayya da ke New York a 2023. A ƙarar da wani fasinja ya shigar da kamfanin jiragen sama na Avianca, sun gabatar da hujjoji daga shari'o'i shida da ChatGPT ta kawo, da sunaye da lambobi da kalaman alƙalai, kuma babu ko ɗaya da aka taɓa yi. Ɗaya daga cikin lauyoyin har ya tambayi manhajar ko shari'o'in na gaske ne, ta ce masa ƙwarai kuwa. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Raunin ma ya girmi ChatGPT nesa ba kusa ba. Tun a 1966 Joseph Weizenbaum na cibiyar MIT ya ƙera ELIZA, wata 'yar manhaja da ba ta yin komai sai juya maganar mutum ta mayar masa da ita a sigar tambaya, amma sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da ake haɗa ta, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta gana da manhajar. Mutum yana ganin magana mai tsari sai ya ɗauka akwai hankali a bayanta, kuma matashin da ke neman wanda zai saurare shi ya fi kowa saurin faɗawa.

Kuskure na biyu ya fi wuyar gani, domin a cikin misalan da aka koya wa manhajar yake ɓuya. A 2016 masu bincike a Jami'ar Washington sun horar da wata manhaja ta bambance kyarkeci da wani irin kare na ƙasashen sanyi. Da gangan suka zaɓi hotunan kyarkeci masu dusar ƙanƙara a baya, sai ga shi manhajar dusar take kallo ba dabbar ba: duk karen da ya tsaya a kan ƙanƙara ya zama kyarkeci. Abin dariya ne har sai ya zo kan fuskar mutum. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin manyan kamfanoni uku masu tantance ko fuska ta namiji ce ko ta mace. A kan fararen maza kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, a kan mata baƙaƙe kuwa ya kai kusan kashi 35. A Janairun 2020 'yan sandan Detroit suka kama Robert Williams, baƙar fata, a ƙofar gidansa a gaban iyalinsa bisa zargin satar agoguna, saboda manhaja ta ce fuskarsa ce a hoton. Ya kwashe kusan awa 30 a tsare, kuma ba shi ba ne. Mai jin Hausa yana da nasa kason a wannan matsala, domin rubutun Hausa a intanet ɗan kaɗan ne idan aka gwada da na Turanci, shi ya sa manhajar da ke zuba Turanci tiryan-tiryan takan yi wa karin magana fassarar kalma da kalma. Wannan ma darasi ne kyauta: a nan ɗalibin ya fi na'urar sani, kuma zai iya kama ta da hannunsa.

Wani zai ce matasa ba su ne ke ƙera waɗannan abubuwa ba, me ya dame su? Amsar tana Ingila. A 2020, da annobar korona ta hana jarrabawar kammala sakandare, hukumar Ofqual ta sa wani tsarin lissafi ya fitar da sakamako, yana la'akari da yadda makarantar ɗalibi ta saba ci a shekarun baya. Tsarin ya rage kusan kashi 40 cikin 100 na makin da malamai suka bayar, kuma haziƙin yaro a makarantar da ba ta saba yin fice ba shi ya fi shan wuya. Ɗaliban suka fito zanga-zanga, cikin kwana huɗu gwamnati ta soke tsarin. Lissafin bai kai na manhajojin hira sarƙaƙiya ba, amma cutar iri ɗaya ce: an auna mutum da tarihin wasu.

Uzurin da ya fi nauyi shi ne na kayan aiki, domin makarantar da ba ta da wuta ba za a yi mata maganar ɗakin kwamfuta ba. Gaskiya ne, amma tsakiyar darasin ba ta buƙatar wuta. A 1961 Donald Michie na Birtaniya ya haɗa na'ura mai koyo da kwalayen ashana 304 da 'yan duwatsu masu launi, don wasan nan na gidaje tara da ake neman jera uku. Kowane kwali yana wakiltar wani yanayi na wasan, kowane launi wani taku. In an ci, a ƙara duwatsun takun da aka bi. In an sha kashi, a rage. A hankali kwalayen suka iya wasa, ba tare da ko ɗaya ya san me ake yi ba. Akwai kuma masu tsoron cewa yawan nuna kurakurai zai sa yara su raina fasahar baki ɗaya. Wannan tsoro bai yi ƙarfi ba, domin sanin inda abu yake karyewa shi ke ba mutum damar dogara da shi a inda yake da ƙwari: taƙaita rubutun da ke gabanka, gyara nahawu, bayyana darasi ta wata hanya. Sunaye da shekaru da lambobi da ambaton littafi kuwa, sai an duba.

Hukumar UNESCO ta ba da shawara a 2023 cewa kada a sa yaron da bai kai shekara 13 ba amfani da irin waɗannan manhajoji a aji. Wanda ya haura haka, malam, kada ka tsaya kan tambayarsa ko manhaja ce ta yi masa aikin. Ka ce ya kawo amsar da ta ba shi, ya ja layi a ƙarƙashin kowane suna da kowace shekara, ya nemo su a littafi, sannan ka ba shi maki a kan kurakuran da ya kamo.