Dillalin Makami Da Tarar Naira 20,000

Bindigogin da aka shiga da su makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba 2020, aka kora ɗalibai 344 cikin daji, ba a dajin Rugu suka tsiro ba. Wani ne ya yi safararsu, kamar yadda wani ke kai tramadol da tabar wiwi ga 'yan bindigar da suka raba manoman Faskari da Sabuwa da gonakinsu. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan ɗan garin shi ne ya fi saurin zamewa idan an je kotu.

Sashe na 3 na dokar fashi da makami ta 1984 ya ba alƙali zaɓi kan wanda aka kama da bindiga ba izini: tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. A 2024 wannan tara ko buhun masara ba ta iya saye ba. Dokar NDLEA ta 1989 kuwa ɗaurin rai da rai ta tanadar wa mai safarar hodar iblis da ire-irenta, amma akan yanke 'yan shekaru da zaɓin tara, abin da shugaban hukumar, Buba Marwa, ya sha kokawa a kai. Ƙofar gyara a buɗe take. Mai gabatar da ƙara yana da kwana 90 ya kai hukuncin gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara. A Ingila kwana 28 kacal wata doka ta 1988 ta ba babban lauyan gwamnati don yin hakan, kuma ana ƙara wa masu laifi shekaru ta wannan hanya.

Wasu za su ce alƙalin da ya saurari shaidu ya fi kowa sanin shari'ar, ga gidajen yari sun cika maƙil. Gaskiya ne, shi ya sa ba kan yaron da aka kama da ƙulli ɗaya na wiwi ya kamata a ɗaukaka ƙara ba. Shi magani yake buƙata. Dillalin da ya cika mota da harsasai ake nufi. Ɗaukaka ƙara ba raina alƙali ba ne, tunda mai laifin ma yana yi idan ya ga an tsananta masa. Hukunci guda daga kotun sama zai zama mizanin da Babbar Kotun Tarayya ta Katsina za ta bi a sauran shari'o'in, kuma mutumin ƙauyen da ya sayar da rai ya tsegunta wa jami'an tsaro ba zai haɗu da dillalin a kasuwar mako mai zuwa ba.