Mai ciki da cutar sida: yadda za a tsare jinjiri

Maganarmu ta yau ta mata masu ciki ce da masu goyo. Maza, ku ma ku kasa kunne.

Ƙwayar cutar sida tana iya fita daga jikin uwa ta shiga jikin ɗanta. Wannan yakan faru yana ciki, ko wajen haihuwa, ko wajen shan nono. In babu magani, cikin jarirai 100 da masu cutar suka haifa, 15 zuwa 45 suna kamuwa. In uwa tana shan magani daidai, ba su kai 5 ba.

Ba a gane cutar da ido. Mace tana iya zama garau, tana daka, tana noma, alhali ƙwayar na jininta. Saboda haka matar Gabi da ƙauyukanta, in kin ga ciki, ki tafi awo a likita, ki yarda a duba jininki. Abin da aka gani sirri ne tsakaninki da malamar asibiti. Tun shekarar 2004 gwamnatin Nijar take ba da maganin sida kyauta.

Maganin ba ya kashe cutar. Danne ta yake yi, har ta rasa ƙarfin kama jinjiri. Kullum ake shansa, ba fashi. In an bari, ƙwayar ta sake tashi. A nan mata da yawa ke tuntuɓe: an haihu lahiya, an yi suna, sai a aje magani, ga kuwa yaro yana shan nono. In za ki gidanku wankan jego, ko Madarunfa ne, ko ƙetaren iyaka wajen Jibiya, ki tafi da maganin da zai ishe ki.

Ki haihu a likita. Can za a ba jinjiri nasa maganin na ruwa, a kuma duba jininsa yana da sati shidda.

Nono kuwa, ki ba shi. Amma wata shidda na farko nono kaɗai: ba ruwa, ba bauri, ba rubutu, ba kunu. Waɗannan suna lahanta hanjin jinjiri, su buɗe ma ƙwayar hanya. Kakanni, mun san al'ada ce, amma ku yi haƙuri.

Maigida, kada ka kore ta, kada ka hana ta zuwa awo. Ka raka ta, kai ma a duba naka jinin. Bayan yaye, ku maida yaron a sake auna shi.