Hayar Allon Tuƙi a Bakin Teku

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu bakin teku ne, can unguwar Waikiki da ke birnin Honolulu a tsibiran Hawai na Amurka.

Da hantsi ya yi, rumfunan haya sun buɗe, alluna na jingine reras a kan yashi. Baƙon da ya zo hutu yakan tsaya ya kalli mutane can cikin ruwa, kowa a tsaye kan allonsa, da dogon filafili a hannu, suna tafiya a hankali. Abin ya ba shi sha'awa, ya zaro kuɗi ya biya hayar awa ɗaya. Kafin minti biyar an miƙa masa allo da filafili, an nuna masa ruwa da yatsa.

Wannan shi ne wasan tuƙa allo a tsaye, wanda a duniya aka fi sani da gajeren sunansa, SUP. Allon yakan kai tsawon mita 3 ko ya ɗan fi, faɗinsa kuma wajen santimita 80, wato ya fi allon hawan igiyar ruwa girma da kauri nesa ba kusa ba. Wani na roba ne mai tauri, wani kuma na hurawa ne da famfo, wanda idan an sace iskarsa sai a naɗe shi a jefa cikin jaka. A ƙarƙashinsa ta baya akwai ɗan fiffike irin na kifi da ke hana shi karkacewa. Filafilin kuwa ana daidaita shi ne ya fi mai shi tsawo da kamar taƙi ɗaya.

Duk wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu ko a Tafkin Chadi suna tsaye cikin kwalekwale suna tuƙi da gora, ba zai ga baƙon abu a tsayuwar ba. Abin da Hawai ta yi shi ne mayar da ita wasa. Tun tsakiyar ƙarni na 20 samarin Waikiki masu koya wa baƙi hawan igiyar ruwa suke tsayuwa kan manyan alluna da filafilin kwalekwale, domin su hango ɗalibansu daga sama, su kuma ɗauke su hoto ba tare da kyamara ta jiƙe ba. Bakin ruwan nan ne ya fitar da Duke Kahanamoku, gwanin ninƙaya da ya ci lambar zinare a gasar Olamfik ta 1912, wanda mutum-mutuminsa ke tsaye a wurin har yau. Sai a farkon shekarun 2000 gwanayen hawan igiyar ruwa Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da salon a tsibirin Maui, suna motsa jiki da shi a ranakun da teku ta kwanta. Daga nan ya bazu. A 2012 aka yi gasar duniya ta farko a ƙasar Peru, a 2017 kuma wani ɗan Afirka ta Kudu, Chris Bertish, ya kammala ƙetare Tekun Atlantika shi kaɗai a kan allo na musamman, daga Agadir ta Maroko zuwa tsibirin Antigua, cikin kwana 93.

To, mu koma wurin baƙonmu. Mai koyarwa na ƙwarai ba zai bar shi ya miƙe nan take ba. Zai sa shi ya fara da durƙuso a tsakiyar allo, daidai wurin mariƙin da ake ɗaukarsa da shi, ya yi tuƙi a haka har hannu ya saba. Sannan ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ta biyu, ya ware su daidai faɗin kafaɗa, gwiwa a ɗan lanƙwashe. A nan ne ƙafafu ke fara rawa, kuma kusan kowa yakan sunkuya ya kalli ƙafarsa, da ya kalla kuwa sai ruwa. Maganin shi ne ya ɗaga kai ya zuba ido can nesa, ya tsoma filafili ya fara tafiya, domin allon kamar keke yake, ya fi natsuwa idan yana motsi. Akwai kuma kuskuren da ake gane sabon shiga da shi tun daga nesa: riƙe filafili a juye. Bakinsa a karkace yake, karkatar kuma gaba take kallo, ba wajen mai tuƙi ba.

A ruwa mai kwanciya, mutane da yawa kan iya tsayuwa tun a awar farko, kuma daɗin da ke cikin hakan ba ƙarami ba ne. Mutum yana tsaye yana hango ƙasan ruwa, a Waikiki ma wani lokaci kunkurun teku ya ɗago kai kusa da shi. Sai dai wannan sauƙin ne ke sa a manta cewa teku ce.

A watan Agusta na 2020, wasu 'yan mata biyu 'yan uwan juna, ɗaya mai shekara 23 ɗaya mai 17, suka shiga ruwa da allunansu da yamma a bakin tekun Furbo da ke yankin Galway a ƙasar Ailan. Iska tana tasowa daga tudu tana nufar teku. Irin wannan iska mayaudariya ce, don takan shafe fuskar ruwan bakin gaɓa ya yi lif, alhali jikin mutumin da ke tsaye ya zama kamar zanen da aka shanya, tana tura shi tana ƙarawa. Suka yi tuƙi don su dawo, abu ya gagara. Suka kwana a teku cikin ruwan sama da tsawa. Abin da ya taimake su, bayan ikon Allah, shi ne suna sanye da rigunan hana nutsewa, sun ɗaure allunansu wuri guda, ba su kuma rabu da su ba. Bayan kimanin awa 15 wani masunci da ɗansa, waɗanda suka lissafa inda iska da igiyar ruwa za su kai su, suka tarar da su kusa da tsibirin Inis Oírr, riƙe da alamar tarkon masunta da ke yawo a kan ruwa.

Ba kowa ke samun irin wannan ƙarshe ba. Mutum huɗu suka rasu sakamakon wani haɗari da ya auku a watan Oktoba na 2021 a garin Haverfordwest na yankin Wales a Birtaniya, lokacin da aka bi da ayarinsu ta kan wata ƙaramar madatsa a kogin Cleddau bayan ruwan sama mai yawa. A 2025 kotu ta ɗaure wadda ta shirya tafiyar shekara 10 da wata 6. Uku daga cikin waɗannan mutane sun biya kuɗinsu ne, sun kuma amince da wadda ta karɓa.

Labarin Galway ya nuna dalilin da ya sa igiyar da ke haɗa ƙafar mutum da allo take da muhimmanci a teku: idan ya faɗa, iska kan janye allon fiye da yadda zai iya bin sa da iyo, allon kuwa shi ne jirgin cetonsa. A kogi mai gudu kuma wannan igiyar ta idon sawu na iya sarƙewa ta riƙe shi a ƙarƙashin ruwa, don haka a can ta ƙugu ake ɗaurawa, mai kwancewa da fizga ɗaya. Tun 2008 rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ta ɗauki allon a matsayin jirgi muddin ya fita daga wurin wanka da wasa, wanda ke nufin dole mai shi ya riƙe rigar hana nutsewa da usur.

Rumfar hayar da ta karɓi kuɗi ba ta tambayi baƙo ko ya iya iyo ba, ba ta kuma ce masa komai game da iska ba, ta yi sakaci da rai, komai kyan allunanta.

Saboda haka mai sauraro, idan Allah ya kai ka bakin teku, ko a Legas ne ko Dakar ko Zanzibar, ka ga allon nan ya burge ka, gwada shi. Amma kafin ka biya, tambayi mai rumfa ina iska ta nufa yau, ka karɓi riga ka sa ta a jiki, ka duba igiyar da hannunka, ka sa wayarka cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Idan iska na kaɗawa daga tudu zuwa teku, mayar da allon, ka dawo gobe.