Zanen Talla da Sana'ar Agogo

Duk wanda ya san kasuwannin ƙasar Gwaram da Birnin Kudu zai tuna ɗan akwatin gilashin mai gyaran agogo, da allon da ke jingine kusa da shi, an zana ƙaton agogo a jiki. Galibi ba mai gyaran ne ya zana ba, kuɗi ya biya aka yi masa. Zane kuwa ba baƙo ba ne a wannan yanki, domin ga hotunan shanu nan na mutanen dā a jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Sai dai zanen talla da sharaɗi yake zuwa, wato ya jawo mai saye, ko da bai iya karatu ba.

Ku lura da hannayen agogo a tallace-tallacen manyan kamfanoni. Kusan kullum a ƙarfe goma da minti goma suke tsayawa. Dalili shi ne, sunan kamfani yana ƙarƙashin lamba 12, to in hannayen suka buɗe haka sai su sa shi a tsakiya ba tare da sun rufe shi ba, fuskar agogon kuma ta yi kamar tana murmushi. Ashe ko tsayuwar hannu ma, biyan bukatar mai kaya ce.

Darajar mai zane ta ƙara fitowa sa'ad da masana'antar Suwizalan ta shiga uku. A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai batir, cikin 'yan shekaru irinsa ya yi araha, masu ƙera agogon wani na Suwizalan da yawa suka rufe. Da Swatch ya fito a 1983, sai ya riƙa ba masu zane aiki, kamar Keith Haring na Amurka a 1986. Wato zane ya sauko daga allon talla ya hau fuskar agogon kanta, har mutane suka koma saye don hoton.

A nan gida kuwa, wayar hannu ta rage wa mai gyara ciniki, injin buga hoto kuma ya karɓe aikin mai fenti. A ganina, ya kamata ɗaliban sashen zane, irin na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, su bi kasuwannin nan su tattara sauran allunan, su rubuta sunayen waɗanda suka zana su, tun gara ba ta riga su ba.