Ruwan da Bai Sauko Daga Sama Ba

A jihar Minesota ta Amurka, da zarar tafkuna sun daskare sai masunta su ja 'yan ɗakunansu su girke a kan ƙanƙara. A tafkin Mil Laks, arewa da Miniyapolis, dubbansu ake kafawa, har da hanyoyin mota a tsakani. A daɓen kowane ɗaki akwai ramuka: a huda ƙanƙarar da ke ƙasa, a zura ƙugiya, a zauna cikin ɗumi ana jiran kifi. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar ta ce kada a taka ƙanƙara sai kaurinta ya kai inci 4, wato santimita 10, shi ma da ƙafa kawai. Shi ya sa mai ƙera ɗakinsa da kansa ba abin da ke damunsa kamar nauyi.

Wani kafinta ya yi wannan lissafin yadda ya kamata. Ginshiƙai da tankar rufi duk na alminiyam ya sa, don nauyinsa kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe. Ya lulluɓe waje da kwano marar kauri, ya cusa audugar gilashi a tsakani don riƙe ɗumi, ya rufe ciki da siririn falankin filawud. Shi da ɗan 'yar'uwarsa kaɗai sun isa su ja ɗakin. Sai dai fa ɗakin yana ɗiga. A zauna awa biyu, ruwa ya fara sauka a ƙeya, ɗis, ɗis, har cikin kofin shayi.

Rufi aka fara zargi, kamar yadda kowa zai yi. Kafinta ya hau, ya bi kowace gaɓa da gam mai toshe ɓaraka. Ɗiga ba ta fasa ba. Abin da ya wanke rufin kuwa shi ne yanayi: ranar da aka fi jiƙewa, sama fes take, ba dusar ƙanƙara ko ƙwaya a kan kwano, sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili. A irin wannan rana babu ruwan da ke gudu a waje, balle ya sami ƙofa.

To ko ramukan kifi ne? Ruwa ne a buɗe a tsakiyar ɗaki mai ɗumi, dole ya ɗan tashi. Suka toshe uku cikin huɗu. Bambancin bai taka kara ya karya ba, domin ruwan da ke dab da daskarewa ba ya fitar da tururi mai yawa. Numfashin mutane da dusar da ke narkewa a takalmi ma suna da nasu kason, amma kafinta ya zauna shi kaɗai wata safiya, rufin ya ɗiga masa.

Yaron ne ya ɗaga kai ya ƙura wa silin ido. "Kawu, ka lura ba ko'ina yake jiƙewa ba?" Lemar ta yi layi-layi a miƙe, tsakanin kowane layi da na kusa da shi inci 16. Kafinta bai buƙaci ma'auni ba, don da hannunsa ya jera tankar a wannan tazarar. Ruwan yana bin alminiyam ɗin da ke ɓoye a bayan falanki ne sau da ƙafa.

Alminiyam yana wuce da zafi fiye da katako sau dubu da ɗoriya. Kowace tanka ta zama hanyar da ɗumin ɗaki ke bi ya fice, ta bar falankin da ke manne da ita da sanyi ƙalau. Iska mai ɗumin digiri 20 tana iya ɗaukar ruwa giram 17 a kowace mita kubik. A sifili, giram 5 kawai take iyawa. In ta taɓa wuri mai sanyi sai ta sauke abin da ya fi ƙarfinta, kamar yadda kwalbar lemo ke gumi idan an fito da ita daga firji.

An gano inda ruwan ke sauka ke nan. Saura inda yake fitowa. Amsar tana lungu, tana ci da shuɗiyar wuta: hitar gas marar bututun hayaƙi. Gas ɗin furofen sinadarin kabon ne haɗe da haidurojin, kuma haidurojin in ya ƙone ruwa yake zama. Kilo ɗaya na gas yana haifar da tururin ruwa kilo 1.6. Tukunyar fam 20 da suke amfani da ita, kafin ta ƙare ta zuba kusan lita 15 a iskar ɗakin. Ranar da sanyi ya fi tsanani, ranar aka fi buɗe wa hita wuta, kuma ranar ce alminiyam ya fi sanyi. Shi ke nan an gane dalilin jiƙewa a ranar da sama take fes.

Da suka ɓalle falanki ɗaya, sai ga audugar gilashi sharkaf, wajen kwano kuma ta daskare ta yi tauri. Ashe nauyin da aka guje wa ta hanyar sayen alminiyam yana ta taruwa a cikin bango, ita kuma jiƙaƙƙiyar auduga ba ta riƙe ɗumin kirki. A ganina wannan auduga ba ta da gurbi a ɗakin da ke zama a kan tafki.

Suka kwashe ta, suka maye gurbinta da allon soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, nauyinsa kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na filawud ba. Muhimmin abu, sun ƙara wani falle ta ciki wanda ya rufe har kan tankar, suka like gaɓoɓinsa da tef don kada tururi ya ratsa. Falankin daɓe aka shafe shi da fenti sama da ƙasa, musamman gefuna, inda katako ya fi tsotsar ruwa. Hita kuwa aka canza ta da mai fitar da hayaƙinta waje, aka huda kafar iska biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, aka rataya na'urar da ke ƙara in iskar kabon monoksaid ta taru. Wannan iska ba ta da wari, kuma ta sha halaka masunta a irin waɗannan ɗakuna.

Layukan suka ɓace, amma aka wayi gari da ɗige-ɗigen farar raɓa a silin, kowanne kamar ƙwayar wake, a jere. Wannan karon ba a daɗe ana nema ba: kawunan ƙusoshi ne masu murɗi, waɗanda suka ratsa soso suka kama alminiyam. Kafinta ya zare su, ya ɗaura siraran katakai a kan soson da ƙusoshin da falanki zai rufe, sannan ya kafa falankin a jikin katakan da gajerun ƙusoshi waɗanda ba sa kaiwa ga ƙarfe.